"Taura biyu ba ta taunuwa": ko ta hau kan ƙasashen 'yan ba-ruwanmu?

Malamar Tarihi, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya muna darasin yaƙin cacar baka da 'yan ajina, na zo kan ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu. Na ba su labarin taron Bandung na Indonesiya a 1955, inda ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka hallara, da taron Belgrade na 1961 inda ƙasashe 25 suka kafa ƙungiyar, suka ce ba sa bin Amurka da jari-hujjarta, ba sa bin Tarayyar Sobiyet da kwaminisancinta. Sai wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai taura biyu ba ta taunuwa." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa kafin in samo ta cewa an buga ƙararrawa. Don Allah masana, yaron nan ya ajiye karin maganar a gurbinta?

Ɗan Zango, Kumasi:
Wa alaikumus salam Malama. Ki ƙara masa maki. Mu a nan Ghana iyayenmu sun gani da idonsu. Shugabanmu Nkrumah na cikin jagororin ƙungiyar, shi da Tito na Yugoslabiya da Nasser na Masar da Nehru na Indiya da Sukarno na Indonesiya. Kuɗin Bankin Duniya da Amurka da Ingila ya karɓa aka gina madatsar ruwan Akosombo, a lokaci guda kuma ga ƙwararrun Sobiyet da na Sin cike da ƙasa. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 yana hanyar Hanoi wai zai sasanta yaƙin Biyetnam, sojoji suka hamɓarar da shi, a Beijin aka ba shi labari. Bai ƙara taka Ghana da ransa ba. In wannan ba shaƙewa da taura biyu ba ne, mene ne?

Baba Tsohon Hedimasta, Katsina:
Ɗana na Zango, dakata. Yawancin masu jefa karin maganar nan yanzu ba su taɓa sa taura a baki ba. Taura ƙwallo ne babba mai tauri, ɗan naman da ke jikinta a liƙe yake da zare-zare, sai kana juya ta a baki kana gurza da haƙori kafin ka ji zaƙi. In ka cusa biyu, baki ya cika, babu wurin juyawa. To abin da Bahaushe ya hana shi ne tauna biyu a lokaci guda. Bai ce kada ka mallaki biyu ba. Muna yara ɗaya a baki, ɗaya a aljihu.

Dubi Masar. A 1955 Nasser ya sayi makamai ta hannun Chekoslobakiya, Amurka ta ji haushi. Ranar 19 ga Yuli 1956 ta janye alkawarin kuɗin gina madatsar Aswan. Kwana bakwai tsakani, ranar 26, ya mayar da mashigin Suwez mallakar Masar. Daga baya Sobiyet ta ba da rance da injiniyoyi, aka kammala madatsar a 1970. Kuma duk da kuɗin Mosko na shigowa, kwaminis ɗin Masar a kurkuku Nasser ya tara su. Da Sadat ya zo, a 1972 ya sallami dubban mashawartan sojan Sobiyet, ya juya wajen Amurka. Ka ga an tofar da wadda aka gama gurza, an zaro ta aljihu. Ƙaramar ƙasa ba ta da wani ƙarfi a lokacin da ya wuce babban ya san akwai wata a aljihunta.

Badamagare:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sékou Touré na Gini ma haka ya yi. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, kan ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa, Gini kaɗai ta ce wa de Gaulle, jagoran Faransa, a'a. (Mu a Nijar Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun yi kiran a'a, ba ta ci ba.) Faransawa suka kwashe nasu ya nasu suka bar shi a rana, dole ya nufi Gabas. Kowa ya ɗauka ya zama ɗan koren Mosko. Sai ga shi a Disamba 1961 ya kori jakadan Sobiyet daga Konakiri, a 1962 kuma, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba, ya hana jiragen Sobiyet sauka a filin jirginsa.

Mai Gardama:
Ranka ya daɗe Baba, maganar aljihu ta yi daɗin ji, amma ni ban gamsu ba. Tun farko ma ba ƙananan ƙasashen ne ke taunar ba, su ake taunawa. Karin maganar da ta dace ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kyuba tana cikin ƙungiyar tun 1961, wa zai ce ba ruwanta? A taron Habana na 1979 Castro ya so a amince cewa Sobiyet ce ƙawar ƙungiyar ta asali, sai da Tito, yana tsoho tukuf, ya taka masa birki. Indiya ta Nehru fa, a 1971 'yarsa Indira ta sa aka ƙulla yarjejeniyar abota da Mosko. Siad Barre na Somaliya ya kori Sobiyet a 1977 da suka koma bayan Habasha a yaƙin Ogaden, bai daɗe ba ya buɗe wa Amurka tashar Berbera. Wannan turjiya ce ko canjin ubangida? Kowa ya yi askin nan, wasu dai a ɗaki suka yi, wasu a bainar jama'a.

Hajiya Uwar Zaure:
Mai Gardama, karin maganar ta kakanninmu ce, amma a riƙa tunawa akwai masu wannan lalura cikin masu karatu. A ci gaba.

Mai Gardama:
Na karɓi gyara, Hajiya.

Baba Tsohon Hedimasta, Katsina:
Ba kowa ne ya yi askin ba, ɗana Mai Gardama. Akwai wanda ya mayar da ladan. Bayan Tanganyika ta haɗe da Zanzibar a 1964, Nyerere, shugaban haɗaɗɗiyar ƙasar Tanzaniya, ya gāji hulɗar Zanzibar da Jamus ta Gabas ta 'yan kwaminis. A 1965 ya bar su suka buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Darussalam, Jamus ta Yamma ta yi fushi ta janye taimakon soja. Sai ya ce su haɗa har da sauran taimakon su tafi da abinsu. Kuma da Turawan Yamma suka ƙi gina masa layin dogo zuwa Zambiya, Sin ta gina, kilomita 1,860, tsakanin 1970 da 1975. Amma na yarda da kai rabi. Siad Barre ba abin koyi ba ne, mutanensa ne suka biya kuɗin cinikin nan.

Ɗan Jarida Mai Ritaya, Kaduna:
Ni abin da ke damuna sunan ne. Duk wanda ya fara fassara shi da "'yan ba-ruwanmu" a gidan rediyo ya samo suna mai daɗin faɗi, amma ya ja musu raini. Ɗan ba-ruwana shi ne wanda ya ga ana faɗa ya naɗe hannu. Waɗannan kuwa sun yi ruwa sun yi tsaki a kan mulkin mallaka da wariyar launin fata da gwajin makaman nukiliya. Sansani ne suka ƙi shiga.

Mu ma nan gida mun taɓa. Ba mu je Belgrade ba, sai a taron Alƙahira na 1964 Najeriya ta shiga. Amma tun Janairu 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila bayan ɗalibai sun tada ƙayar baya. Lokacin yaƙin basasa da aka hana Gowon jiragen yaƙi daga Yamma, wajen Sobiyet ya samo jiragen MiG, kuma ƙasar ba ta koma kwaminis ba. Sai Murtala a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, Janairu 1976. Shugaba Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka takarda a kan Angola don kada su bi MPLA, ƙungiyar da Sobiyet ke mara wa baya, gwamnatin Murtala ta fallasa takardar a jaridu, shi kuma ya tsaya a taron ya ce Afirka ta girma, ba ta karɓar umarnin kowa. Ina tuna yadda aka yi ta maimaita jawabin.

Mai Gardama:
Yallaɓai, Murtala ya faɗi haka ne da kuɗin fetur a baitulmali. Mai hatsi a rumbu shi ke iya mayar da akushin maƙwabci. Lumumba, firaministan Kwango, fa? Ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimake shi a kan ɓallewar lardin Katanga, ba ta yi yadda yake so ba, ya waiwayi Sobiyet. Waiwayen nan kaɗai ya isa. Ranar 17 ga Janairu 1961 aka kashe shi, ko wata bakwai Kwango ba ta cika da 'yanci ba. Ina aljihun yake a nan?

Baba Tsohon Hedimasta, Katsina:
A nan kam ka kama ni. Sojojin Lumumba sun yi tawaye, Katanga ta ɓalle, shi da shugaban ƙasa Kasavubu kowa ya ce ya tsige ɗan'uwansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tito da ya ɓata da Stalin a 1948 ya tsira ne don sojojin da suka kori Jamusawa nasa ne, jam'iyya kuma a hannunsa take. Dabarar aljihu sai mai riga.

Ɗan Zango, Kumasi:
To ni dai ina kan bakata a kan Nkrumah. Wata tambaya kuma Baba, mu a Zango na fi jin "ba sa taunuwa". Wanne ne daidai?

Baba Tsohon Hedimasta, Katsina:
"Ba ta" muka tashi muka ji. Bahaushe in ya ƙirga abu yakan bar sunan a tilo, kamar "kwana uku", "shekara goma", sai maganar ta bi tilon. Amma naku ma ba laifi ba ne, ba za mu yi faɗa a kan wannan ba.

Malamar Tarihi, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar Litinin zan raba ajin uku, kowane rukuni da karin maganarsa: taura, lada, da bango. Yaron nan kuwa shi zan ba Sékou Touré ya kare maganarsa a kansa. Baba, taura ta shigo kasuwa a wajenku yanzu? Ina son in kai musu guda biyu.