Muhawara: Ya dace Najeriya ta nemi karɓar baƙuncin babbar gasa alhali filayenta na cikin wannan hali?

Malamin motsa jiki, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne ƙasar da ta kasa kula da filayen da take da su bai kamata ta nemi Gasar Cin Kofin Afirka ko makamanciyarta ba. Babban filin Surulere da ke Legas ya karɓi Wasannin Afirka na 1973, a cikinsa kuma muka ɗauki kofin 1980, amma an bar shi ya lalace. Filin Abuja da aka gina domin wasannin 2003 sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya sa kuɗinsa kafin aka sake shimfiɗa masa ciyawa, kuma a 'yan shekarun nan Uyo ake kai yawancin wasannin Super Eagles. Gasar mai ƙasashe 24 tana buƙatar filaye shida masu inganci. Ina za mu samo su?

Alhaji ɗan kasuwa, Jega:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai gwamnatocinmu ba sa motsawa sai an sa musu wa'adi. Gasar matasa ta duniya ta 1999 ce ta sa aka gyara filayen Kano da Kaduna da Bauchi, aka sake waiwayarsu a 2009 saboda gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Dubi Kwaddebuwa: saboda Gasar Kofin Afirka da ta karɓa a farkon 2024 aka gina sabon fili a Korhogo, can arewacin ƙasar, nesa da Abijan. Mu nan muna da filin jirgin sama a Birnin Kebbi, kuma idan ba ta irin wannan hanya ba, ban ga ranar da za a tuna da Kebbi ko Zamfara a gina mana fili na zamani ba.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ni rayukan mutane nake dubawa. Ranar 24 ga Janairun 2022 mutum takwas suka rasu a turmutsitsi a ƙofar filin Olembe na Yawunde, lokacin wasan Kamaru da Komoros, kuma filin sabo ne fil. Shiri ya haɗa da ƙofofin fita, da jami'an da suka san tafiyar da taro, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da asibitin da ke da jini da iskar numfashi cikin dare. Duk wanda ya tsaya bakin kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ya ga yadda ake ɗauko wanda rana ta kayar ana neman hanyar fita da shi cikin jama'a, ya san abin da nake nufi. Kada mu manta, fargabar sanƙarau na cikin dalilan da suka sa aka mayar da gasar matasa ta 1995 daga Najeriya zuwa Katar.

Malamin motsa jiki:
Na gode, Hajiya. Alhaji, wa'adin da kake magana a kai yana iya zama abin kunya, domin an ƙwace Gasar Kofin Afirka ta 1996 daga Kenya, an ƙwace ta 2019 daga Kamaru aka bai wa Masar, an kuma ƙwace ta 2025 daga Gini. Maroko da ta gaji Gini tun tuni ta shirya gidanta. Sau biyar tana neman Kofin Duniya ana hana ta, ba ta daina gini da horar da yara ba, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022 kafin a ba ta ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal. Ni kuwa a filin da nake horar da yara, sai mun tsince tsidau kafin mu fara atisaye, turakun gola ko raga babu, rabin yaran kuma ƙafa ba takalmi. Kuɗin bikin buɗe gasa kaɗai zai gyara irin waɗannan filaye masu yawa.

Baba tsohon ɗan kokawa, Kamba:
'Ya'yana, ku leƙa maƙwabta. A Nijar kokawar takobi tana zagaya jihohi, kowace jiha da filinta, kuma jama'a na cika shi maƙil saboda abinsu ne. Mu fara da gayyato 'yan kokawar Dosso da na Senegal, mu ga ko za mu iya saukar da su lafiya mu sallame su lafiya.

Alhaji ɗan kasuwa:
Baba, ranka ya daɗe, wannan shawara na karɓe ta, amma ba ta hana neman babbar ba. A 2000 mun haɗa gwiwa da Gana, Legas da Kano kawai muka bayar, aka yi gasa lafiya, kuma ta 2027 ƙasashe uku ne za su raba ta: Kenya da Yuganda da Tanzaniya. Malam, idan aka ce filaye uku kawai za mu kawo, aka kuma rubuta kuɗin kula da su na shekara goma cikin kwangilar tun farko, har yanzu kana kan bakanka?

Malamin motsa jiki:
Idan majalisa ta mayar da kuɗin kulawar doka, aka kuma ware kaso domin filayen makarantu, zan sassauto, Alhaji. Amma ina so in ga ciyawar Abuja ta yi damina uku tana raye kafin a aika wa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, takarda.