Aikin ɗibar ruwa a kogin Kolyma: yadda ake yini a Cherskiy

Mai buɗe zare: Jama'a, ga tambayar da ɗalibai ke yawan yi: in an kai mutum tashar bincike ta Cherskiy, can arewa maso gabashin Siberiya, da me ake cika yini? Waɗanda suka san aikin su zuba mana. Ni ga nawa kaɗan. Garin yana bakin Kolyma a jamhuriyar Sakha ta Rasha, tashar kuma Sergey Zimov ne ya raya ta tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Da rani babu hanyar mota, sai jirgin sama daga Yakutsk, tafiyar kamar awa 4, kuma hazo kan hana shi tashi kwana da kwanaki. A bar rarar kwanaki a tikitin dawowa. Yankin kan iyaka ne, ana neman izinin shiga tun da watanni.

Mai tace ruwa: Malam, wahalar ba a cikin jirgin ruwan da ake fita ɗibar ruwa da shi take ba, tana bayan an dawo tasha. Ruwan da aka ɗebo da safe dole a tace shi a ranar, in ya kwana ƙwayoyin halitta sun fara cinye kabon ɗin da ake son aunawa, wato sinadarin ragowar tsirrai da ya narke a cikin ruwan. Ana amfani da matatar zaren gilashi mai ramin maikiron 0.7 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), wadda aka gasa a zafin digiri 450 na awa 4 tun kafin a baro gida. Kwalba a ɗauraye ta sau 3 da ruwan samfurin kansa. Daga nan ko a ɗiga ruwan asid har ma'aunin tsami ya sauka 2, ko a jefa a firiza. In firiza ce, kada a cika ta fal. Ruwa yana kumbura kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, sai murfi ya tsage. A farkon Yuni, da ƙanƙarar kogin ta fashe, ruwan yakan zo kamar kunu, lita ɗaya sai ta toshe matata uku ko huɗu. A ninka adadin da aka lissafa.

Mai lura da inji: Ƙari a kan na Hajiya. Ana ɗibar ruwa daga goshin jirgi, gaban yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, inji a kashe ko a bar shi baya. Ɗigon fetur ɗaya ya ɓata samfurin. Abin da ya fi karya tafiya shi ne gungumen da ambaliya ke kwasowa, rabinsu a nutse. Ya daki farfela shi ke nan. Farfela ta biyu, filogi, igiyar tayar da inji da sufana ba sa barin jirgi. Tsibiran yashi ma suna sauya wuri kowace shekara, shi ya sa direba ɗan gari ya fi taswira. Fetur a lissafa na zuwa da dawowa, a ɗora sulusi, don hawan kogi ya fi gangara ci. Rigar ceto kuwa a jiki, ba a ƙarƙashin benci ba. Sanyin ruwan yana kashe hannu cikin 'yan mintoci.

Mai tace ruwa: Na manta sauro. Yuli ke nan, sai ka ga bayan rigar mutum ya yi baƙi ƙirin. Hular raga da riga mai kauri sun fi magani, saboda maganin shafawa mai DEET, sinadarin korar sauro, yana narkar da roba, kuma shi kansa kabon ne. Wanda ya shafa, ya sa sabuwar safar hannu kafin ya taɓa kwalba.

Mai auna laka: Masu zuwa Duvanny Yar, gangaren da daskararriyar ƙasa ke narkewa har ƙasusuwan giwayen zamanin ƙanƙara su fito, su taka a hankali. Lakar tana riƙe takalmin roba har gwiwa, kuma saman gangaren kan rufto ba sallama. Ba a zuwa mutum ɗaya. Rubutu da fensir, biro yana zuba in takarda ta jiƙe. Batir a ajiye shi a aljihun ciki. Sandar auna tsami kada ta kwana a jirgi, in ta daskare gilashin bakinta ya fashe.

Ɗaliba: Yaya, salla fa, tunda a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa a can?

Mai buɗe zare: Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli haka take yawo a sama. Malamai sun yi fatawar a bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce lokutan Makka. A zaɓi ɗaya tun daga gida a saita agogo. Barci ma da agogon ake yi, a toshe taga da baƙin bargo. Abinci yawanci kifin kogi ne, dankali, miya da shayi. Naman gwangwani a duba rubutun jikinsa, akwai na shanu, akwai na alade.