Kada Tarihin Kaka Ya Bi Shi Kabari

Bayan sadakar arba'in ɗin kakanmu a unguwar Ƙoƙi cikin birnin Kano, muka zauna a zaure kan yadda za mu adana tarihinsa. Baffa ya ce mu fara da gwaggo, ita ce ta san wa ya haifi wa. A ɗauki muryarta a waya tun tana da ƙarfi. Wannan shawara ta fi shiga raina. Wasu suka ce a duba tsofaffin wasiƙun ajami da takardun gida, a kuma tambayi mai unguwa, tunda a Kano akwai zuriyoyi irin su Agalawa da Tokarawa da asalinsu fatake ne. Shekaru kuwa, a auna su da abin da kowa ya sani, kamar rasuwar Sarki Alhaji, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, a 1953.