Akwai wanda ya taɓa zuwa gidan su Helen Keller a Alabama?

Malama ta Runjin Sambo:

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda bayan sallah zan tafi Amurka wurin ƙanena da ke aiki a Huntsville, matarshi ta kusa sauka. Ya ce gidan da anka haifi Helen Keller, marubuciyar nan da ta tashi makauniya kuma kurma, bai da nisa da su, amma shi bai taɓa leƙawa ba, wai tsohon gida ne kawai. Ni kuwa ina da dalili. Ɗiyar yayata sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara biyu, ta tashi ba ta ji, idon ma guda ne ke gani sama-sama. Yanzu shekararta shida, a hannuna take. Don Allah wanda ya taɓa zuwa, me ake gani? Ya kai in sa yaro ya ɗauki hutun aiki saboda shi?

Ɗan Mabera:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sauke ta lafiya, ya kuma ba yarinya sauƙi. Na je lokacin da nake karatu can. Garin Tuscumbia ne, gidan kuma Ivy Green ake ce mishi. Daga Huntsville awa ɗaya ne da 'yan kai a mota.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba, tsohon gida ne, farin gidan katako da kakanninta sunka gina a 1820. Nan anka haife ta ranar 27 ga Yuni 1880, an kuma mai da shi gidan tarihi tun 1954. Tana wata 19 zazzaɓi mai zafi ya ɗauke mata ji da gani, kuma cikin cututtukan da likitocin yanzu ke zargi har da sanƙarau. Shi ya sa da na karanta zancen ɗiyarki jikina ya yi sanyi.

Kowa famfon yake zuwa gani. Yana bayan gida, baƙin ƙarfe ne na bugawa da hannu, an yi mishi 'yar rumfa. Wallahi na unguwarmu ya fi shi girma. Nan ne ranar 5 ga Afrilu 1887 malamarta Anne Sullivan ta sa hannunta guda ƙarƙashin ruwa, tana zana mata haruffan kalmar ruwa da Turanci a tafin ɗayan, har yarinya ta gane cewa kowane abu da sunanshi. Kafin dare ta koyi kalmomi 30. Na tsaya na dafa ƙarfen, anka ɗauke ni hoto kamar kowa.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai ɗan ƙaramin ɗakin da ke gefen babban gidan ne, taku kaɗan tsakaninsu. Malamar ta iso ranar 3 ga Maris, 'yar shekara 20, ita ma idonta ba lafiya, ta fito daga makarantar makafi ta Perkins da a lokacin take Boston. Ta tarar da yarinyar da ba a taɓa hana ta komai ba. In ana cin abinci sai ta zagaya tana sa hannu a kwanon kowa, ba mai ce mata uffan, don tausayi. Har kulle malamar ta taɓa yi a ɗakin bene ta ɓoye makulli, sai da uban ya kafa tsani ya fiddo ta ta taga. Sai malamar ta ce a ba ta yarinya su koma wancan ɗakin su biyu, nesa da uwa da uba. Kusan mako biyu sunka yi ciki ana dambe. Da na leƙa ɗakin sai na tuna gwaggota, mai ɗa kurma, da kullum cewa take a bar shi, Allah ya riga ya jarrabe shi. Ya kai shekara talatin yanzu, ko sunanshi bai iya rubutawa.

Saura kuwa, akwai rigunanta da injinta na buga rubutun makafi. Awa biyu ta ishe ki. In tafiyar ta faɗo Yuni ko Yuli, suna wasan kwaikwayon labarinta a filin gidan da dare a ƙarshen mako. Ki sa ƙanenki ya duba ranakun buɗewa kafin ku kama hanya, ku kuma riƙe abincinku a kula, ni biskit da ruwa na wuni da su. Azahar a kan ciyawa kusa da mota na yi ta, ba wanda ya tanka mini.

Kawu na Gawon Nama:

Ɗana, ka faɗi daidai, amma ka bar rabi. Uban nan, Kyaftin Arthur Keller, mai gona ne kuma editan jarida. Shi ya iya ɗaukar ɗiya zuwa wurin Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro tarho, shi kuma ya tura su Perkins. Malama guda ga yarinya guda, dare da rana, har ta gama Kwalejin Radcliffe a 1904, kuma ba su rabu ba sai da malamar ta rasu a 1936. Wa zai iya wannan a nan? Mu namu in ya yi sa'a, aji ne cike da kurame da malami guda. In bai yi ba, bakin kasuwa da ƙoƙo. Malama, ki je ki gani, amma kada ki dawo kina auna ɗiyarki da ma'aunin ɗiyar masu hali, ki sa wa kanki hawan jini.

Ɗan Mabera:

Kawu, na yarda, ba na ja da kai. Abu guda kawai zan ƙara. Tun kafin malamar ta zo, Helen ta ƙirƙiro alamomi fiye da 60 da take magana da mutanen gida, kuma ɗiyar mai dafa musu abinci, abokiyar wasanta, tana gane su. Wannan ba kuɗi ya saye shi ba.

Malama ta Runjin Sambo:

Na gode Kawu, na gode Malam, Allah ya saka. Zancen kwanon nan ya kama ni, don ko jiya da dare sai da ta sa hannu a tuwon maigidana, ni ce ma na ce a ƙyale ta. Alamomi kuwa tana da su: in ta shafa kunci ni take nufi, in ta buga ciki sau biyu fura take so. Ƙaramin ɗana ya fi ni sanin su, bari ya dawo Islamiyya in zaunar da shi mu rubuta su a littafi. Na riga na aika wa ƙanena saƙo ya nemi hutun. Malam, ana bari a shiga ƙaramin ɗakin, ko daga ƙofa ake leƙe?