Me ya sa masu karanta labaran Hausa ba sa daɗewa a gidajen talabijin ɗinmu?

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin talabijin daga ciki ce, musamman mutanen Yamai, tun da can ne kusan dukkan tashoshin suke. Na lura cewa a tashoshi masu zaman kansu mai karanta labaran Hausa ba ya daɗewa a kan kujerarsa. Da zarar jama'a sun saba da muryarsa sai a wayi gari da sabuwar fuska, wanda ya tafi bai yi mana ban kwana ba, wanda ya zo kuma ba a gabatar da shi ba. Bayan haka, labaran Hausar kansu gajeru ne, ana jin cewa daga na Faransanci aka tsakuro su, kuma babban lokacin dare, sa'ar da iyali ke zaune wuri ɗaya bayan sallar isha'i, na jurnal ne, wato babban shirin labarai na Faransanci. Kundin sake gina ƙasa na Nijar na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Turanci harsunan aiki, don haka na zaci za a ga alamar wannan a fuskar talabijin. Shin rashin kuɗi ne ya kawo haka, ko rashin horo, ko kuwa ba a ɗauki sashen Hausa da daraja ba ne?

Tsohon ma'aikaci, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Duka ukun da ka lissafa suna da hannu, amma tushen abin ya girme su. Talabijin ya shigo Nijar ne a 1964 domin koyar da yaran lakwal, wato makarantar boko, kuma da Faransanci ake koyarwar. An kafa ORTN, hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, a 1967, sannan a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, Télé Sahel ta zama tashar jama'a baki ɗaya. Tun daga nan aka gina ɗakin labarai a kan Faransanci, harsunan ƙasa kuma aka ba su wani sashe a gefe wanda aikinsa shi ne ya fassara abin da ɗakin ya riga ya rubuta. Da tashoshi masu zaman kansu suka fito daga baya, irin su Ténéré da Dounia da Canal 3 da Bonferey, mafi yawan waɗanda suka tsara musu aiki a wannan tsari suka taso, shi suka sani, shi kuma suka ɗauka.

Bari in faɗa maka yadda yini yake tafiya a inda na yi aiki. Da safe shugaban ɗakin labarai ya raba aiki, ɗan jarida da mai kyamara su fita. Hirar da za su ɗauko da Faransanci ce, ko da kuwa mutumin da ake hirar da shi Bahaushe ne, kuma sai an tuna ne ake ce masa ya ƙara ƴan kalmomi da Hausa ko Zabarmanci. Sun dawo, an rubuta rahoto, an yi montaj, wato haɗa hotuna da murya, sannan takardar ta isa hannun mai Hausa, sau da yawa lokacin shiga studiyo ya riga ya matso. Na sha ganinsa zaune a bakin ƙofa da biro a hannu, yana rubuta Hausa a tsakanin layukan Faransanci, wani lokaci ma ba ya samun rubutawa, ido na kan Faransanci baki na fitar da Hausa nan take. Abokin aikinsa na Faransanci yana kallon kyamara kai tsaye domin an zuba masa rubutunsa a na'urar da ke gungura shi a gabansa, shi kuwa kansa a sunkuye yake kan takarda. Wanda ke kallo a gida sai ya ce bai iya ba, alhali shi ne ya yi aikin mutum biyu.

Game da yawan sauyin kuwa, a tashoshi masu zaman kansu da yawa mai karanta Hausa ba shi da takardar ɗaukar aiki, albashin kaɗan ne, kuma yakan yi jinkiri. Kasuwar talla a ƙasarmu ƙarama ce, tashoshin kuma sun yi mata yawa, shi ya sa kake ganin jurnal cike da buɗe taron bita da rufe taron bita, domin masu taron ne ke biyan kuɗin ɗauka. Duk wanda ya goge a irin wannan wuri, ya iya harsuna biyu kuma jama'a sun san fuskarsa, ba ya rasa mai nemansa: ƙungiyoyin agaji suna son jami'in sadarwa, ma'aikatu suna so, kafofin waje masu sashen Hausa ma sun daɗe suna ɗiba daga nan. Rashin ban kwana kuma yawanci alama ce ta cewa ba a rabu da daɗi ba.

Malamar makaranta, daga Yamai:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninku ya warware mini abin da na daɗe ina gani ban gane dalilinsa ba. Sai dai ina so in ƙara wani abu da ya shafi gabatarwar kanta, domin ba kowane aibi ne za a ɗora wa ƙarancin lokaci ba. Akwai masu gabatarwa da suka ɗauka cewa karanta labarai shi ne a ɗaure fuska a kuma yi ta sauri kamar ana korar mutum. Mahaifiyata ba ta yi lakwal ba, amma tana rarrabe wanda ya fahimci labarin da yake karantawa da wanda ke furta kalmomi kawai. Idan na biyun ne sai ta juyo ta ce mini in faɗa mata abin da aka ce, alhali da harshenta aka yi maganar. Jimlar Faransanci ta gwamnati takan fara da jerin muƙamai da sunayen waɗanda suka halarci taro kafin a kai ga abin da aka yanke, kuma idan aka bi ta haka da Hausa, kafin a iso ga labarin mai sauraro ya riga ya saki zaren. Mai gabatarwa na ƙwarai yakan fara da abin da ya faru da kuma wanda abin ya shafa, sauran su biyo baya.

Sai maganar karin harshe. Malam Ɗan Adar, ku a Tawa Hausarku daban take da ta Maraɗi da ta Damagaram, kuma tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 kunnen yaranmu ya ƙara sabawa da Hausar Kano ta tauraron ɗan'adam. Ni ban ga laifin mai gabatarwa ya riƙe harshen garinsu ba, muddin ya zaɓi kalmomin da mutumin Konni da na Tasawa za su gane baki ɗaya. Abin da ba na so shi ne aron muryar wani, ka ji yaro ɗan Madawa yana kwaikwayon masu karanta labarai na Landan har numfashinsa yana sarƙewa.

Ina kuma roƙon mu yi hattara da batun harshen ƙasa. A nan Yamai maƙwabtana Zabarmawa ne da Fulani da Buzaye, kuma sashensu a gidajen talabijin yana fama da irin abin da Baba ya bayyana, wasu ma lokacin da ake ba su bai kai namu ba. Idan za a nemi a ɗaga darajar labaran Hausa, hanyar da za ta ɗore ita ce a nemi a riƙa ɗauko labari da rubuta shi tun daga tushe cikin harsunanmu, ba a ƙwace mintocin wani a ƙara mana ba.

Matashi mai kyamara, daga Yamai:

Iyayena, ina neman afuwa, amma ina ganin kujerar da ake magana a kanta ba ta da nauyin da take da shi a da. Sa'o'ina ba sa jiran jurnal na dare. Kafin lokacin sun ga labarin a Facebook, ko an turo musu guntunsa a WhatsApp, ko sun saurari wani yana sharhi a TikTok. Ko tashoshin kansu yanzu suna watsa jurnal kai tsaye a Facebook, suna yanka shi gunduwa-gunduwa domin waya. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda ta tsananta bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, ta koya wa gidaje da yawa dogaro da waya maimakon akwatin talabijin. Wasu daga cikin masu gabatarwar da Malam Ɗan Adar ya daina gani ba su bar aikin ba, shafinsu suka buɗe, mabiyansu kuma suka bi su can.

Tsohon ma'aikaci, daga Yamai:

Ɗana mai kyamara, rabin maganarka gaskiya ce. Amma ka tuna daren 26 ga Yuli 2023: sanarwar juyin mulkin da Kanal-Manjo Amadu Abdramane ya karanta, a Télé Sahel aka yi ta, kuma guntun da ya zagaya wayoyin duniya daga can aka yanko shi. Har yau idan jita-jita ta yi yawa a WhatsApp, mutane sukan ce bari a ji ko tele za ta faɗa. Sannan ka duba abin da ya faru da kafofin waje: an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, Muryar Amurka kuma ta yi shiru a Maris 2025 saboda matakin gwamnatin Amurka kanta. Waɗannan muryoyi ne da Bahaushen Nijar ya daɗe yana jin labaran duniya ta bakinsu, don haka nauyin da ke kan mai karanta Hausa na cikin gida ƙaruwa ya yi. Wanda ya buɗe shafinsa shi kaɗai ba shi da mai duba masa rubutu kafin ya fitar, kuma a wannan lokaci da kuskure guda kan batun tsaro zai iya jefa ɗan jarida cikin matsala, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Ɗan Adar, daga Tawa:

Na gode, Baba, na gode Malama, kai ma ƙanena. Abu ɗaya zan ƙara daga nan Adar. Yawancin abin da ke damun mutanenmu, farashin albasar Galmi ne ko halin da ƴan ci-rani suke ciki a Abijan ko tsaron hanyar Konni, da Hausa ake tattauna shi a kasuwa da tasha. Idan wakilin tasha ya zo ya ɗauki muryar manomi da Hausa, a Yamai a ɗora Faransanci a kanta, sannan mai Hausa ya sake mayar da Faransancin, manomin yakan ji an faɗi abin da bai ce ba. Ina roƙon masu tashoshin da ke karanta wannan su fara da abu mai sauƙi wanda ba ya cin kuɗi: a bar muryar manomin yadda take a cikin labaran Hausa, a kuma ba mai gabatarwa hotunan da wuri domin ya rubuta nasa rahoton da kansa.