Neman shawara: allon da za mu kafa a hanyar Burmi

Malamin Firamare, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya na kai ɗalibaina Burmi, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903. Sai da muka tsaya wajen wani mai shayi ya yi mana kwatance kafin muka gane hanya. Da muka isa, yaro ɗaya ya ja rigata ya ce, "Malam, me ya kawo Sarkin Sakkwato har nan?" Abin ya tsaya mini a rai. Mu shida muka haɗa kuɗi za mu kafa allo a bakin titi. Me ya kamata mu rubuta? Da wane harshe? Sannan kabarin Baturen da ya jagoranci yaƙin, Manjo Marsh, yana wurin. Mu ambace shi ko mu bar shi?

Dattijo daga Sakkwato:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka, ɗana. Abu na farko, Attahiru biyu ne, kada ku rikita mutane. Na Burmi shi ne Attahiru ɗan Ahmadu. Na biyun, ɗan Aliyu Babba, shi Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya naɗa bayan an ci Sakkwato. To ku rubuta sunan uba.

Amsar yaron nan kuwa ita ce abin da allon zai ɗauka. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris a fagen Giginya. Sarki ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya nufi gabas da niyyar Makka, jama'a suna barin gonaki da gidaje suna bin sa garin da duk ya ratsa. A Burmi aka cim musu, ranar 27 ga Yuli, ya faɗi tare da ɗaruruwan mutane. Don Allah kada kalmar "gudu" ta shiga allon nan. Hijira ya yi, haka kakanninmu suka kira ta. Ku sa shekarar Hijira ma, 1321.

Mai Walda:
Malam, ni aikina ne, gaskiya zan faɗa maka ko da zan rasa ciniki. Kada ku yi na ƙarfe. Baban bola zai sare shi da dare, in ma ya tsira rana ta cinye fentin cikin damina biyu. Ku gina ɗan dakali da bulo, a zana rubutun cikin siminti tun yana ɗanye. Ga kamfanin simintin Ashaka nan kusa da ku. Ku ja shi baya kaɗan daga kwalta saboda manyan motoci, kuma ku roƙi wani mai shago kusa ya riƙa ɓanɓare fastocin 'yan siyasa.

Hajiya Malama, Kano:
Batun Baturen, ni dai a ambace shi. Layi ɗaya ya isa: shi ma a nan aka kashe shi, kabarinsa na nan. Yaro zai ga kabarin da idonsa, zai tambaya, in allo ya yi shiru zai fara shakkar sauran abin da aka rubuta. Kuma mutuwar jagoran nasu tana nuna ba a tsaye aka sami mutanen Burmi ba, sun yi yaƙi.

Dattijo daga Sakkwato:
Hajiya, na ji hujjarki. Amma kada sunansa ya hau layi ɗaya da na Sarkin Musulmi. A sa shi ƙasa.

Ɗan Mai Wurno, Sudan:
Wallahi da na ga wannan sai da na karanta wa mahaifiyata. Garinmu, Mai Wurno, a bakin kogin Bahar Azrak, reshen Nilu, yake kusa da Sinnar, kuma sunan ɗan Attahiru ne, Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira daga Burmi. Roƙona ku ƙara cewa saura sun wuce gabas har Sudan. Muna nan, har yau muna jin Hausa da Fillanci.

Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma:
Kafin ku sayi bulo ko ɗaya, ku fara da dagaci da hakimi, su kai ku fadar Funakaye. Daga nan ku rubuta wa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Harshe kuwa, Hausa da boko da ajami, Turanci a ƙasa. Tsofaffin wurin da yawa ajami suke karantawa, kuma su ne za su tsare muku shi.

Malamin Firamare, Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun bar maganar ƙarfe. Asabar za mu je wajen dagaci. Baba, zan turo maka rubutun ka duba kafin magini ya taɓa shi. Saura ajamin: wa ke da alaramma mai kyakkyawan hannu a Bajoga?