Musayar Waƙa: Layin da Aka Ja Tsakaninmu da Daura

Dattijon Birni:
Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya da ƙwar biyu a kan yadda gasar manyan ƙasashe take faɗowa a kanmu nan Damagaram ta Nijar, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe amsa-amon "ya" har ƙarshe.

Da sunan Allah nake fara zance,
Shi kaɗai ne Sarkin da ya mallaki duniya.

Ingila da Faransa sun yi tseren ƙasa,
Kowacce tana so ta riga kishiya.

A 1890 suka ja layi a kan takarda,
Daga Say zuwa Barruwa, da sunan yarjejeniya.

Sarkinmu Ahmadu Kuren Daga ya ƙi miƙa wuya ga Faransa,
A Tirmini, 1899, harsashi ya rinjayi gaskiya.

Ingila da Faransa sun sake zama a 1904 da 1906,
Domin sojan Faransa ya sami hanya mai rijiya.

Da haka Kano da Daura suka zama ƙetare,
Alhali harshenmu da auratayyarmu ɗaya.

Saurayin Sabon Gari:
Baba, na ji tarihi kuma na gode,
Sai dai yau ba ta zama daidai da jiya.

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit,
Faransa ta haskaka, mu duhu ya rufe mana hanya.

A Disamban 2023 sojanta ya fice,
Na Amurka ya bar Agadas a 2024, ya kwashe kaya.

Mu da Mali da Burkina mun kafa ƙawancen AES,
Domin tsinke ba ya shara sai an ɗaure tsintsiya.

Idan Rasha za ta ba mu makami babu sharaɗi,
Mene ne laifinmu idan muka miƙa hannu muka saya?

Hajiyar Kasuwar Dole:
Ɗana, ba ruwana da Mosko ko Paris,
Abin da ke gabana kullum shi ne farashin tiya.

Ranar 30 ga Yulin 2023, bayan juyin mulki, CEDEAO, ƙungiyar Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi,
Aka rufe iyaka, aka yanke mana wutar Nijeriya.

Firjin da nake sayar da ƙanƙara ya yi shiru,
Jarina ya tsiyaye kamar ruwa a rariya.

Zoɓon da na dafa da asuba ya yi tsami,
Na zubar da shi, na rufe tukunya, na juya baya.

A cikin watannin nan ɗiyata ta haihu a Daura,
Motar da ta saba kai ni ta tsaya a Matamaye, ta ƙi tafiya.

Na hau kabu-kabu, muka ratsa gonakin hatsi,
Ina rungume da turmin atamfa da tulun man shanu da ƙwarya.

Ganyen hatsi ya yanke mini ƙafafu,
Magariba ta yi kafin na ɗauki jaririya.

Sai Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin,
Kuma cikin masu sa hannu ban ga wanda ya bi gona ba, ko ɗaya.

Direban Tanka:
Hajiya, Allah ya raya, ya mayar miki da alheri,
Ni kuma bari in ƙara da abin da na gani a hanya.

Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011,
Kashi 60 na Sin ne, 40 namu, haka aka raba dukiya.

Bututun Agadem ya miƙe har tekun Benin,
Kusan kilomita 2000, ya ɗaure mu da maƙwabci kamar igiya.

A Mayun 2024 Benin ta hana lodin mai,
Don mun bar iyakarmu a rufe, muna zargin ana shirya mana ƙeta ta baya.

Sai da Sin ta shiga tsakani jirgi ya ɗauka,
Sulhun maƙwabta ya fito daga Beijin, abin ya ba ni kunya.

Malamar Garin Malam:
Ƙanena na Sabon Gari, da kai nake,
Ina son ƴancin nan kamar yadda kake sonsa a zuciya.

Amma makami babu sharaɗi ban yarda akwai shi ba,
Wanda ya ci ladan kuturu, askin yana jiransa, ba ƙarya.

Ka tuna 2011, da jiragen NATO suka yi ruwan wuta,
Makaman da suka watsu har Mali daga ina suka fito? Libiya.

Ka tuna 2022, da Rasha ta shiga Yukren,
Taki da alkama suka yi tsadar da manomi ya kasa saya.

CEDEAO da aka kafa a Legas tun 1975,
Mun bar ta 29 ga Janairun 2025, kowa ya kama hanya.

Laifinta babba ne, har yaƙi ta yi mana barazana,
Amma tsagar ta bi tsohon layin da Baba ya faɗa, ta gefen Magarya.

Saurayin Sabon Gari:
Yaya, na karɓi maganar sharaɗi, ban musa ba,
Sai dai wanda aka yi wa barazana dole ya nemi kariya.

Ban ce Rasha uwa ce ko uba ba,
Na ce mu riƙe ciniki a hannunmu, da wanda muka ga ya iya.

Hajiyar Kasuwar Dole:
Ƴaƴana, ku ci gaba, ni ga abin da ya dame ni,
An ce takardunmu na CEDEAO suna aiki tukuna a Nijeriya.

"Har sai an sake sanarwa," in ji su, shi ke hana ni barci,
Ga shi an aiko mini jikata a Daura ta fara tafiya.